Kasuwar cikin waya: wa ke da rumfa, wa ke karɓar la'ada?

Ka tsaya rabin awa a layin masu sayar da waya a babbar kasuwar Maradi, ka kasa kunne. Da wuya ka ji mai saye ya tambayi wace babbar manhaja ce ke cikin wayar da ya ɗauka. Dattijo zai juya kwali gaba da baya, ya dubi yaron shago ya ce, "Ɗana, tana yin WhatsApp? Layi nawa take ɗauka? Cajinta na kai kwana biyu?" In ya samu amsar ukun nan, sai a shiga ciniki. Da an biya an ɓare leda, yaron zai ajiye tasa wayar gefen sabuwar, ya buɗe Xender, cikin minti biyar ya zuba masa WhatsApp da Facebook da TikTok da Alƙur'ani mai murya da manhajar aika kuɗi. Wani sa'in har ya buɗe masa adireshin Gmail wanda dattijon ba zai taɓa riƙe lambar sirrinsa ba. Sannan ya miƙa da hannu biyu: "Baba, ga ta, ta shirya."

Irin tambayar farko ta dattijon nan ce ta kai Nokia ƙasa, ta binne BlackBerry, ta kuma cinye wa Microsoft biliyoyin dala. Dalar Amurka nake nufi duk inda na ambace ta a nan, ba tamu ta sefa biyar ba.

Kowace babbar waya tana da manhaja guda a ƙarƙashin komai, ita ke tada wayar, ita ke haɗa allo da kyamara da rezo. A iPhone sunanta iOS. A Tecno da itel da Infinix da Samsung da Redmi sunanta Android. Ita ce filin kasuwar, su WhatsApp da TikTok rumfuna ne da aka kafa a kai. Inda gizo ke saƙar shi ne rumfar da aka ƙera don wannan fili ba ta tsayuwa a wancan. Wanda ya rubuta manhaja don iPhone, in yana son ta hau Android sai ya sake zama, ya ƙara ma'aikata ko ya ƙara raba dare, kuma kowace shekara ya bi kowane ɓangare da gyara. In fili ya zama uku, wahala ta zama uku. Dole ya zaɓa, kuma abin da yake dubawa wajen zaɓen shi ne cikar fili, kyan gini na baya ne.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun sha ganin an gina sabuwar kasuwa da siminti da kwano da makewayi, manya su zo su yanka zare a tafa, bayan wata shida rumfunan su zama makwancin awaki. Mai kaya ya ce ba ya tashi sai masu saye sun koma, mai saye ya ce mi zai kai shi inda ba kaya. Tsohuwar kasuwa kuwa, da taɓonta da cunkosonta, tana nan tana ci. Duk rikicin manyan manhajojin waya tun 2007 a kan wannan yake: wa zai fara cika filinsa kafin na kusa da shi.

A shekarar da iPhone ta fito, kusan rabin manyan wayoyin duniya na Nokia ne, masu tafiya da babbar manhajar Symbian. IPhone ta farko ma ba ta karɓar manhajar kowa sai ta gidansu. Sai a watan Yulin 2008 Apple ya buɗe kantinsa na manhajoji, App Store, da manhajoji wajen 500, da ƙa'ida mai sauƙin ganewa: ka kawo kayanka, mu za mu baje, mu karɓi kuɗi daga katin mai saye, mu cire kashi 30 cikin ɗari, mu ba ka 70. Yau ana kuka da wannan la'ada, amma a lokacin rahusa ce. Kafin nan mai manhaja sai ya bi kamfanonin layi ɗaya bayan ɗaya, su ja shi wata da watanni, su kuma riƙe kaso mai tsoka. Kwatsam sai ga dillali guda wanda ya riga ya tara katunan banki na miliyoyin mutane tun daga cinikin waƙoƙi a iTunes. Yaro a ɗakin kwanansa ya samu hanyar sayar wa duniya.

Google ya ɓullo ta wata kusurwa. Ya sayi ɗan ƙaramin kamfanin Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito daga HTC a Oktoban 2008. Shi Google talla ce abincinsa, sayar da waya ba ta dame shi ba. Tsoronsa kar jama'a su bar kwamfuta su koma waya, wani ya tsaya masa a bakin ƙofa yana karɓar haraji. Don haka ya ba da Android kyauta ga duk mai ƙera waya. Kyautar tana da igiya a ƙafa: mai son Play Store, kantin manhajojin Google, sai ya haɗa da manhajar bincike ta Google da Chrome, abin da ya sa Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 4.34 a 2018. Amma ya bar wata ƙofa ta baya da Apple bai taɓa yarda da ita da son ransa ba: a Android kana iya sa manhaja daga ko'ina, fayil ne kawai da ake kira APK, wani ya turo maka ka danna. A riƙe wannan ƙofar a rai, domin ta nan yaron shagonmu yake shige da fice.

A Fabrairun 2011 shugaban Nokia na lokacin, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikata wata takarda da ta tsallake ta shiga duniya. Ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, wuta ta kama, ba abin da ya rage masa sai ya faɗa ruwa. A cikinta ya ce abokan hamayya ba da waya kaɗai suke ƙwace musu kasuwa ba, da gari guda suke tahowa: manhajoji, masu ƙera su, talla, bincike, hanyar ciniki. A ganina ya gane cutar sarai. Ruwan da ya zaɓa ya faɗa ne bai da tudu, wato Windows Phone ta Microsoft.

Ba a ce Lumia, wayoyin Nokia masu Windows Phone, na banza ne ba. Suna da ƙwari, kyamararsu ta yi suna, kuma ko masu arha a cikinsu ba sa yawan nauyi. Microsoft kuma ba talaka ba ne. Amma Instagram bai sauka a filin ba sai ƙarshen 2013, Snapchat bai taɓa zuwa ba. Google ya ƙi yi musu cikakkiyar manhajar YouTube, da suka ƙera tasu kuma ya toshe ta a 2013. Wannan wurin ya kamata a duba da kyau, domin mai filin da kake gasa da shi shi ne kuma mai rumfunan da jama'a suka fi so, YouTube da Gmail da taswira, kuma ba zai kawo maka su ka cika kasuwarka ba. Microsoft ya ƙara wa kansa ciwo a 2012, da ya fito da Windows Phone 8 wadda ba ta hawa wayoyin da aka sayar da ta 7. Waɗanda suka fara ba da gaskiya, masu saye da masu ƙira, su aka fara bari a rana. A mafi kyan shekararta, kason Windows Phone a duniya wajen kashi 3 ne cikin ɗari. Microsoft ya sayi sashen wayar Nokia a 2014 a kan sama da dala biliyan 7, shekara na zagayowa ya rubuta asarar biliyan 7.6. A Oktoban 2017 wani babban jami'insa, Joe Belfiore, ya fito ya amsa cewa sun biya masu manhaja kuɗi, har rubuta musu manhajar sun yi da kansu, amma masu riƙe da wayar sun yi kaɗan, kamfanoni ba su ga dalilin zuba jari ba.

BlackBerry ma ya gwada irin wannan kirarin. Gab da fitowar BlackBerry 10 a 2013 ya yi wa masu manhaja alkawarin cewa wanda kayansa suka cika sharuɗɗa suka kawo dala 1,000 a shekara, zai cike masa zuwa 10,000. Ba ta hana ba. BBM, manhajarsa ta aika saƙo, wadda samarin da ke zirga-zirgar Kano suke taƙama da lambarta, a wannan shekarar aka sake ta ta hau Android da iPhone, dalilin sayen wayar ya ƙare. A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa. HP da webOS, Amazon da Fire Phone, Samsung da Bada da Tizen, duk sun gina kasuwa mai siminti, duk awaki suka kwana a ciki.

Akwai ɗaya da ta shafe mu kai tsaye. A 2015 Orange, wanda a lokacin yana nan ƙasar kafin ya sayar a 2019 ya zama Zamani, ya sanar da wata waya mai suna Klif don ƙasashe 13, Nijar na ciki, a ƙasa da dala 40. Tana tafiya da Firefox OS, babbar manhajar da aka tsara musamman don mai ƙaramin ƙarfi. Lissafin ya yi kyau a takarda: ga arha, ga intanet a haɗe. Sai dai ba ta da WhatsApp na ainihi, su Android masu arha kuma suna ta saukowa suna iske ta a farashi. Kafin ƙarshen shekarar Mozilla, mai Firefox OS ɗin, ya sanar da janye hannu daga harkar waya. Daga kufanta aka tada KaiOS, wadda ake sa wa ƙananan wayoyi masu maɓalli. Ita ta samu WhatsApp, Google ma ya zuba mata dala miliyan 22 a 2018, ta yi kasuwa sosai a Indiya, sannan WhatsApp ya tattara ya bar ta.

Haka yake yi. Ya bar Symbian da BlackBerry a 2017, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019. A ƙasashen da ake rubuta saƙo da imel wannan ɗan labari ne a gefen jarida. A garin da ake cinikin suya da niebe da albasa da saƙon murya, inda mai kaya a Kano zai turo hoton buhu a yi ciniki a gama ba a rubuta harafi ɗaya ba, inda gayyatar suna da sanarwar rasuwa duk a nan suke yawo, ranar da WhatsApp ya bar waya ranar ta zama tocila. Rumfa guda ta ƙasaita har ta kai in ta tashi kasuwa ta watse.

Saura biyu ke nan, kuma ba su raba duniya daidai ba. Cikin kowace babbar waya goma, wajen bakwai Android ce, iPhone ba ta cika uku ba. A Afirka Android ta haura takwas. Amma a Amurka iPhone ta fi rabi, a Japan ma tana da ƙarfi ƙwarai, kuma can aljihun yake. Abin da masu iPhone ke kashewa a App Store ya ninka abin da ake kashewa a Play Store wajen sau biyu, alhali sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Apple na sayar da kamar waya ɗaya cikin biyar, amma shi ke kwashe mafi yawan ribar da ake samu a sana'ar baki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai manhajar da ke neman riba ya san wannan lissafin. Instagram ya fito a iPhone a Oktoban 2010, bai leƙo Android ba sai Afrilun 2012. Manhajar ChatGPT ma a 2023 iPhone ta fara samu, Android ta biyo bayan wata biyu. Akwai kuma dalilin aiki: iPhone ƴan nau'o'i ne ƙididdigaggu, in ka gwada a biyar ka san yadda za ta kasance a saura. Android kuwa dubbai ne, kowace da girman allonta, da ƙarfin ƙwaƙwalwarta, da gyaran da mai ƙera ta ya yi mata. Kayan aiki irin su React Native da Flutter sun rage wahalar, mutum na iya rubutu ɗaya ya fitar wa ɓangarorin biyu, amma ba su canza inda kuɗin yake ba. Kar kuma a ɗauka gabar ta kai yadda ake kururutawa. A gaban kotu a Amurka aka bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don bincikensa ya zama na farko a Safari, manhajar shiga intanet ta iPhone. Da rana ana zage-zage, da dare ana cin tuwo a akushi ɗaya.

To wa ya kawo Android Maradi? Ba Google ba ne, ko da sunansa ke bayan kwali. Transsion ne, kamfanin birnin Shenzhen na China, mai Tecno da itel da Infinix, wanda shi kaɗai ke da kusan rabin manyan wayoyin da ake shigowa da su Afirka. Ya lura da abin da manya suka raina. Mutum na riƙe da Airtel da Moov ko Zamani, wani ma da layin Najeriya don ranar da zai ƙetara Dan Issa ya shiga Jibiya, sai ya ba shi gurbin layi biyu ko fiye. Wuta ba ta tsayawa, sai ya ba shi batir mai kauri. Hoton baƙar fata yana fita dishi-dishi, sai ya gyara kyamara. Farashi kuma ya sauko har inda manomi zai iya kaiwa bayan kaka. Ba don Android kyauta ce ba da wannan lissafin bai fita ba. Google ya biyo baya da Android Go a 2017 don wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, Facebook ya riga shi da Facebook Lite tun 2015.

Transsion kuma bai tsaya a dako ba, ya kafa tasa kasuwar a cikin kasuwar Google. Wayarsa tana zuwa da nata kantin manhajoji, Palm Store, da Boomplay na waƙoƙi, da wasu da dama da aka riga aka shuka kafin a rufe kwali. Mai manhajar da ke son shiga aljihun ɗan Afirka ya san cewa samun gurbi a cikin sabuwar waya tun daga masana'anta ya fi masa zama na ɗaya a jerin Play Store. Wani ɓangare na arhar da muke murna da ita da idonmu muke biya, ta hanyar tallar da ke faɗowa ba sallama.

Yanzu mu dubi gasar daga inda na fi damuwa da ita, wato daga kujerar saurayi ko budurwar da suka koyi rubuta manhaja a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko a gida da bidiyon YouTube da kiredin dare. Ana cewa Apple da Google suna zawarcin masu manhaja. Wane zawarci ya iso gare su?

Don shiga App Store sai ka biya dala 99 kowace shekara, wato tsakanin jika 55 da 60 gwargwadon canji, sannan kayan aikin Apple a kwamfutar Mac suke tafiya. Ka yi wannan duka don ka isa ga ƴan tsirarun masu iPhone na garin, ƴaƴan Alhazai da ƴan gayu da masu ta hannu da aka kawo daga Dubai ko Kano. Google dala 25 yake karɓa sau ɗaya, abin da bai wuce jika 15 ba. Zaɓi bai da wuya. Amma ita ma jika 15 ɗin sai da katin banki mai aiki a ƙetare, kuma tun ƙarshen 2023 sabon mai rajista da sunan kansa sai ya tara masu gwaji su riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a bari ta fita. Da mutum 20 ne, aka rage zuwa 12. Wannan ana iyawa, ƴan aji sun isa.

Babbar matsalar tana gaba. An fito, mutum dubu goma sun sauke, to ina kuɗi? Tsarin biyan da aka gina kantunan nan a kansa kati ne, mu kuwa kuɗinmu a hannu yake, ko a NITA da Amana da Al Izza, ko a asusun layin waya. Mutumin da zai aika wa mahaifiyarsa jika goma ba tare da ya yi tunani sau biyu ba, ba shi da hanya mai sauƙi ta biyan dala ɗaya a cikin manhaja. Sai a koma ga talla, ita kuma farashinta yana bin ƙarfin aljihun mai kallo. Ido dubu a Maradi ba ya kawo abin da ido dubu ke kawowa a Faransa, ko kusa. Ana ƙirga kawunanmu a ce Android ta mamaye duniya, amma ranar rabon kuɗi da wani mudu ake awo.

Shi ya sa wanda ya ci abinci da wannan sana'a a nan yawanci ba daga kanti yake ci ba. Kwangila ce: makaranta mai zaman kanta tana son tsarin biyan kuɗin ɗalibai, ɗan kasuwa yana son lissafin sito, wata ƙungiyar agaji tana son manhajar tattara bayanai a ƙauyuka wadda ke aiki ba rezo. Ko kuma sadaka ce, littattafan addini da tafsiri da azkar, a yi don lada. Rabon ma ba ta Play Store yake bi ba, APK ne ake jefawa a zauren WhatsApp, ko a tura ta Xender don kar a ƙona mega. Akwai kuma wani cikas da ba a cika faɗa ba: yawancin manhajojin Hausa daga Najeriya suke tahowa, maɓallansu da Turancin Ingilishi, namu na hukuma da na banki kuma da Faransanci, alhali mai wayar da yawa ba ya karanta ko ɗaya. Alama yake bi da launi, da murya. Wanda ya tsara kantunan nan bai taɓa zama da irin wannan mai saye ba.

Da wannan idon nake kallon shari'o'in la'ada da suka cika labarai. A Agustan 2020 kamfanin Epic ya sa hanyar biya tasa a cikin wasan Fortnite da gangan, Apple da Google suka cire shi a rana ɗaya, aka tafi kotu. Da Apple bai samu yawancin abin da ya nema ba a 2021, sai dai an ce a bar masu manhaja su nuna wa mai saye wata hanyar biya a waje. Da Google kuwa masu taya alƙali hukunci sun ba shi gaskiya a Disambar 2023. A tsakani kamfanonin biyu suka rage la'ada zuwa kashi 15 ga ƙananan masu manhaja, waɗanda cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Tarayyar Turai kuma ta tilasta wa Apple ya bar wasu kantuna su shiga iPhone tun Maris na 2024, amma a ƙasashenta kaɗai. Faɗa ne na gaske, kuma ina ganin masu ƙarar suna da hujja, domin dillalin da shi ne mai fili, shi ne sarkin kasuwa, shi ne kuma alƙali, ba ya rage la'ada don Allah. Sai dai faɗa ne tsakanin masu abin rabawa. Kashi 30 ko 15 na abin da bai shigo ba duk ɗaya ne. A sani kuma la'adar a kan kayan da ke rayuwa cikin waya take, kamar wasa da kuɗin kallo na wata-wata. Manhajar aika kuɗi ko ta sayen shinkafa ba ta biyan ta, don haka waɗanda suka fi yi mana amfani a waje da rigimar suke.

Fili na uku da ya tsaya da ƙafarsa, siyasa ce ta haife shi. A Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa Huawei a jerin kamfanonin da aka hana hulɗa da su, sababbin wayoyinsa suka rasa Play Store da YouTube da Gmail. A lokacin yana na biyu a duniya wajen sayar da waya. A wajen China kasuwarsa ta zube, mai shago a nan ma zai faɗa maka wahalar sayar da waya komai kyanta in sai an yi dabara kafin ta yi abin da ta maƙwabci ke yi. A cikin China kuwa labarin daban ne, domin can dama ba a amfani da Play Store, manhajojin da jama'a ke rayuwa da su irin su WeChat da Alipay na gida ne. Huawei ya gina tasa babbar manhajar, HarmonyOS, a 2024 ya fito da nau'in da ba ya karɓar manhajar Android kwata-kwata, manyan kamfanonin ƙasar kuma suka bi shi suka sake gina rumfunansu. Abin da kuɗin Microsoft ya kasa, yawan jama'a da goyon bayan gwamnati da masu manhaja na gida suka yi. Mutanen Maradi, da suka ga an rufe iyaka a 2019 aka sake rufewa a 2023, ba sa buƙatar a fassara musu abin da ake nufi da mabuɗin ƙofarka yana aljihun wani. Bambancin kawai shi ne China tana da masu manhajar da za su cika sabon fili, mu kuwa WhatsApp ɗin da muke dogara da shi ma na Meta ne, kamfanin Facebook, a Kaliforniya.

Wannan ya dawo da mu ƙofar baya. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa wayoyin Android masu hatiminsa, wanda ya haɗa da su Tecno da Samsung da muke saye, za su daina karɓar manhajar da mai ita bai yi rajista ya nuna shaidarsa ba, ko da ba ta Play Store ta biyo ba. Ya ce za a fara a Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, sauran duniya daga 2027. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ta wannan ƙofar ne jabun manhajojin banki ke shigowa, da waɗanda ke sace lambar sirri, da su GB WhatsApp da matasa ke so don ɓoye sun karanta saƙo, alhali ba wanda ya san hannun wa suka biyo. Dattijon da bai san lambar sirrin Gmail ɗinsa ba shi ne abincin farko na ɓarayin. Da ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya ce zai yi wa ɗalibai da masu koyo rajista mai sauƙi ta ƴan wayoyi ƙalilan, ya kuma bar wata hanya mai tsawo ga wanda ya san abin da yake yi.

In aka bi sanarwar yadda take, WhatsApp da Facebook na ainihi za su ci gaba da tsallakawa ta Xender, domin masu su sanannu ne. Waɗanda za su tsaya a ƙofa su ne manhajojin da aka fasa aka sake ɗinkewa, waɗanda rabin cinikin yaron shago a kansu yake, da kuma ƴar manhajar lissafin adashe da wata ɗaliba ta rubuta ta jefa a zauren unguwarsu ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ita, in tsarin ya iso nan kuma wayoyin sun wuce ƴan ƙalilan ɗin, sai ta fara aika hoton katin ɗan ƙasa da adireshi da lambar waya zuwa wani kamfani a Amurka, a duba a amince, kafin matan da ke zubi tare da mahaifiyarta su iya sa ta a wayoyin da suka saya da kuɗinsu.